Kwanon gado da fentin da aka shafa masa

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru a wannan wata kusan duka a kan tangaran ɗin ƙasar Sin suke, wanda Larabawan nan ke ce wa sini. Na zaɓi huɗu. Ta farko za ta ci fili da yawa, domin rabin abin da sauran suke nema yana cikin amsarta.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Mahaifiyarmu ta rasu bara, da aka yi rabon gado wani babban kwanon tangaran ya faɗo a kasona. Tun ina ƙarama nake ganinsa a saman kabad ɗinta, ba a cin abinci a ciki, ta ce kakarmu ce ta saye shi a Jidda. Jikinsa fari ne da zanen shuɗi na duwatsu da bishiyoyi, a tsakanin shuɗin kuma akwai furanni ja da kore da ruwan gwal. Gefe ɗaya na bakinsa ya yi rawaya kamar tsohon haƙori, in na sa farce yana ɓamɓarowa. A gindinsa akwai haruffan Sinanci guda shida. Ɗana ya ɗauki hoto ya bincika a waya, ya ce sunan wani sarki ne Kangxi, wai kwanon ya haura shekara 300. Maƙwabciyata kuma ta ce in jiƙa shi a ruwan bilic kwana biyu, fentin zai fita tas. Ta ina zan fara?
Wata 'yar'uwa daga Misfala, Makka

Amsa: 'Yata, Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya kai haske kabarinta. Kafin komai, kada bilic ya taɓa kwanon nan. Maƙwabciyarki alheri take nufi, kuma a ranar za ki ga ya yi fari. Amma tangaran yana da wata fatar gilashi da ta lulluɓe shi, wadda mu a shago muke ce wa ƙyalli. Duk inda akwai tsaga, ko da siririya ce kamar gashi, ruwan bilic zai shige ta nan ya kwanta, ya bushe ya zama gishiri, gishirin kuma ya riƙa tura ƙyallin yana ɓallewa. An sha kawo mini faranti yana fitar da farin gari kamar kanwa ta bakin tsaga, in na tambaya sai a ce ai bara aka wanke shi da bilic. Farcen ma ki ɗaga masa ƙafa har mu gama magana.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina wannan sana'a a wani ɗan shago kusa da ƙofar Bab Makka a cikin Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Maigidan da ya koya mini, wani dattijo mutumin Hadramaut, Allah ya gafarta masa, bai taɓa bari na kalli tambarin kwano ba sai na gama da jikinsa da gindinsa. Haka za mu yi da naki.

Ki shimfiɗa bargo a ƙasa ki zauna, ki cire zobba da awarwaro. Ki riƙa ɗaukar kwanon da hannu biyu ta ƙasa, kada ta baki. Ki kashe fitila, ki kunna tocilar waya ki manna ta a cikin kwanon inda bangonsa ya fi siriri. Tangaran na gaskiya haske yana ratsa shi har ki ga inuwar yatsunki ta baya. Abin da ya sa, ana haɗa shi ne da wata farar ƙasa da ake kira kawolin, wadda ta samo sunanta daga tsaunin Gaoling kusa da birnin Jingdezhen a lardin Jiangxi, da wani dutse da ake dakawa ya zama gari, sannan a gasa a wutar da ta kai wajen digiri 1,300, har ƙasar ta narke ta haɗe kamar gilashi. Kwano mai kauri wani lokaci sai a bakinsa kaɗai hasken ke wucewa. In ko a bakin bai wuce ba, to mai yiwuwa kwanon yumɓu ne irin na Turai. Ki zaga da tocilar a hankali, ki kula sosai da gefen nan mai rawaya, ki riƙe abin da kika gani, za mu dawo kansa.

Daga nan ki ɗora shi a kan yatsunki ki ƙwanƙwasa bakinsa da fensir. Lafiyayye yana amsawa da dogon sauti kamar ƙararrawa. Mai tsaga ko mai gyara gajeren amo yake yi, kamar an buga katako.

Sai ki kifa shi. Zoben da yake zama a kai ba a sa masa ƙyalli, don kada ya manne a tanderu, shi ya sa nan ne kaɗai za ki taɓa ainihin ƙasar. A kayan zamanin Kangxi na gaske ƙasar fara ce, a cure take, in kika shafa sai ki ji santsi kamar garin alkama. Sau da yawa akwai siririn layi ja-ja a daidai inda ƙyallin ya tsaya, wannan ƙarfen cikin ƙasar ne wuta ta fito da shi. Ki duba dattin ma. Dattin shekaru ba ya zama bai ɗaya, ya fi yawa inda ake taɓawa da inda kwanon ke goga ƙasa. Wanda masu jabu ke yi da ruwan shayi ko man takalmi launi ɗaya yake yi ko'ina, har lungun da hannu ba ya kaiwa. Haka ƙarce-ƙarcen cikin kwano: na cokali ta kowace fuska yake bi, na samfefa kuwa layi-layi ne a jere.

Shuɗin yana buƙatar madubin nan na maƙeran gwal mai ƙara girma sau 10, ana samunsa da arha a kasuwar gwal. Da wani ma'adini mai suna kobal ake yin shuɗin, a kan ɗanyar ƙasa ake zana shi kafin a zuba ƙyalli, saboda haka a ƙarƙashi yake kamar kifi a ruwa, yatsa ba ya jin tudunsa. In hannu ne ya zana za ki ga inda buroshi ya sauka da nauyi da inda ya ɗaga, da inda ruwan launin ya taru ya yi duhu. In na'ura ce ta buga, ɗigo-ɗigo za ki gani kamar hoton jarida, kowane ganye tagwayen ɗan'uwansa. Masu zanen zamanin Kangxi sun ƙware wajen yi wa dutse ɗaya shuɗi hawa-hawa, daga mai haske zuwa mai duhu. Mahaifina, wanda ya taso a gidan marina a Kano kafin ya biyo hanyar Sudan ya ƙetaro ta Sawakin, ranar da na nuna masa irin wannan faranti cewa ya yi kamar zanen da aka tsoma a karofi sau ɗaya, da wanda aka tsoma sau uku, da wanda aka tsoma sau bakwai, duka a wuri ɗaya. Ban sami kwatancin da ya fi nasa ba.

To yanzu tambari. Haruffan shida layi biyu suke, uku-uku, ana farawa daga dama kamar Larabci amma daga sama zuwa ƙasa, ma'anarsu kuma: an yi a zamanin Kangxi na babbar daular Qing. Ɗanki ya karanta daidai, sarkin ya yi mulki daga 1662 zuwa 1722. Sai dai Sinawa sun saba rubuta sunan tsohon sarki a kan sabon kwano, wani lokaci don girmamawa, wani lokaci don kasuwa. Kayan zamanin Kangxi ɗin kansu da yawa sunan sarki Chenghua suke ɗauke da shi, wanda ya yi mulki daga 1465 zuwa 1487, wasu kuma zobe biyu ne kawai na shuɗi babu komai a ciki, ko hoton ganye. A ƙarshen ƙarni na 19, zamanin sarki Guangxu, daga 1875 zuwa 1908, Turawa suka yi ta rububin shuɗin Kangxi, sai tanderun Jingdezhen suka yi ta fitar da shi da tsohon sunan. Cikin kwanukan da ake kawo mini masu wannan suna, mafi yawa na wannan lokacin ne ko na bayansa. Kada wannan ya sanyaya miki gwiwa. Kwanon zamanin Guangxu ya haura shekara 110, kuma wasunsu aikin hannu ne mai kyau ƙwarai. Ba kuma abin mamaki ba ne naki ya fi haka tsufa, don Jidda ta daɗe tana karɓar tangaran ta teku. An gano wani jirgin 'yan kasuwa na ƙarni na 18 da ya nutse kusa da Umluj ɗauke da finjalan Sin, kuma a 2024 masu haƙar tarihi a nan cikin Balad sun sanar da samun gutsattsarin tangaran da aka gasa a Jiangxi.

Mu zo ga fenti, wanda shi ne ainihin damuwarki. Daga yadda kika siffanta, abu biyu ne daban a jikin kwanon, furannin da kuma rawayan baki, kada ki haɗa su a hukunci ɗaya.

Furannin za su iya zama na asali. Sinawa sukan gama gasa kwano da shuɗinsa, sannan su zana masa launuka da garin gilashi su mayar da shi ƙaramar wuta, digiri 700 zuwa 800. Irin wannan launi yana da ɗan tudu a yatsa, yana sheƙi, yana da tauri. Yadda za ki gane shi, mai zanen shuɗin ya san ja da gwal suna tafe, sai ya bar musu gurbi, reshe shuɗi ya miƙo ya tsaya, jan fure ya zauna a bakinsa daidai. Shuɗi da ja da gwal a haɗe salo ne da Sinawa suka kwaikwaya daga Japan a farkon ƙarni na 18. In kuwa kin ga ruwan hoda a furannin, to launin bai shigo hannunsu ba sai wajen shekarun 1720.

Za kuma su iya zama ƙari. A ƙarni na 18 da na 19, a Holan da Ingila, akwai masu sayen tangaran mai shuɗi zalla su cika shi da ja da kore da gwal don ya fi shiga kasuwa, su sake gasa shi. Alamar wannan ba ta ɓuya: furen yana hawa kan dutsen shuɗin ba sallama, duk farin filin da mai zanen farko ya bari an cushe shi. Ni kaina raina yana ɓaci in na ga an danne kyakkyawan zane haka. Amma tunda wuta ta kama shi, ya zama jikin kwanon. Babu abin da zai cire shi sai gurza ko asid, su kuwa da ƙyallin za su tafi. A bar shi. Wannan ƙarin ma yanzu ya tsufa, akwai masu nemansa musamman.

Rawayan bakin kuwa fenti ne ɗanye wanda bai ga wuta ba, irin na masu gyara, da man sheƙin da suke bi da shi. Ranar da aka shafa shi fari ne daidai da kwanon, shekaru ne suka rina shi. Shi wannan yana fita. Amma 'yata, ruwa ba ya tsami banza. Ba wanda yake shafa wa lafiyayyen baki fenti. Akwai tsaga a ƙarƙashi, ko ɓalli da aka cike da jibsi, farin garin nan da ake kwaɓawa ya daskare. Masu gyaran da suna da hannu mai yawa, tsaga mai tsawon ɗan yatsa sai su rufe ta da fenti mai faɗin tafin hannu don kada a ga iyakar gyaran.

In kina son ganin iyakarsa, ki ari 'yar fitilar nan mai shuɗin haske da masu canji ke duba takardun kuɗi da ita. A cikin duhu tsohon fenti yakan yi haske fari-fari ko rawaya-rawaya, ƙyallin asali kuma ya zauna da duhunsa. Ko ki taɓa wurin da leɓenki: ƙyalli sanyi gare shi, fenti kuwa ɗumi-ɗumi kamar roba. Sannan ki tuna abin da tocila ta nuna miki. In haske ya ratsa wurin, layi ɗaya kawai ya fito baƙi, tsaga ce, za ki iya aikin da kanki. In wani yanki ya toshe ɗif haske bai wuce ba, ciko ne, wato wannan ɓangaren na bakin babu shi. A nan ki tsaya, ki kai wa mai sana'a, don in fentin ya tafi giɓi za ki tarar.

In tsaga ce, ga yadda nake yi. Ki fara ɗaukar hotonsa ta kowane gefe. Kada ki tsoma shi a ruwa, domin tsohon gam na fata ruwan ɗumi yana sakinsa. Ki goge ƙura da auduga mai ɗan danshi da ɗigon sabulun wanke-wanke, ki bari ya bushe. Ki naɗa auduga a kan tsinken tsire, ki tsoma a sifirit na kantin magani, ki mirgina a wuri ɗaya mai girman ƙwayar wake a tsakiyar rawayan. Mirginawa na ce, ba gurzawa ba. Ki dubi audugar. In ta ɗauko rawaya, ki canza sabuwa ki ci gaba. In sifirit bai yi ba, sai asiton tsantsa, ba irin na goge jan farce ba, wancan an gauraya shi da mai da turare. Zafin garin nan yana busar da asiton nan take, don haka inda fentin ya yi taurin kai ki ɗora jiƙaƙƙiyar auduga a kai, ki rufe da takardar alminiyam ta girki minti 10, ki buɗe. Za ki ga ya yamutse kamar fatar madara, sai ki ture shi da bakin tsinken. Ban da reza, ban da soson ƙarfe, ban da toka ko garin goge tukunya. Ki fara daga nesa da tsagar ki nufo ta, domin asiton yana narkar da gam shi ma, kuma in guntu zai saki gara ya saki a kan bargo. Duk lokacin da kika ga ƙyalƙyalin gwal a audugar, ki ɗaga hannu.

Asiton yana kama wuta daga nesa. A buɗe taga, a kashe murhu, a fitar da kaskon turaren wuta daga ɗakin, a kori yara. Kada a juye shi a gorar ruwan sha. Akwai wani mai ƙarfi da ake sayarwa a shagunan fenti don ɓare fentin ƙofa, irin mai sinadarin metilin kulorayid. Tururinsa ya kashe mutane a rufaffen ɗaki, har ƙasashen Turai suka hana sayar wa jama'a shi. Wannan ba na cikin gida ba ne. Haka maganin cire tsatsa daga tufafi, wani irinsa asid ɗin cikinsa gilashi yake ci.

Bara wani bawan Allah ya kawo mini tulu mai irin wannan rawaya a kafaɗa. Kwana uku na yi ina mirgina auduga. A rana ta biyu da la'asar, ƙarƙashin fentin sai ga bakin wani ɗan kwalekwale ya leƙo, na ƙara mirginawa sai ga masunci zaune da malfarsa, sandar kamun kifinsa layi ɗaya siriri kamar an ja da gashin ido. Tsagar da aka ɓoye ba ta fi rabin ɗan yatsa ba, can gefe take, ba ta ma taɓa shi ba. Allah kaɗai ya san shekarun da masuncin nan ya yi a rufe. Na kira mai tulun a waya ya zo daga unguwar Kilo Bakwai a daren don ya gani. Amma a watan da ya biyo baya na buɗe wani faranti na tarar sulusin bakinsa jibsi ne. Shi ya sa nake nanata miki gwajin tocila.

In guntu ya saki, kada ki sa gam mai kamawa nan take ko mai haɗi biyu. Masu kula da gidajen tarihi suna amfani da wani da ake kira Paraloid B-72, saboda duk ranar da aka so asiton yana kwance shi. Abu na ƙarshe, tunda a rabo kuɗin kwano na yau da kullum aka yi masa, in bincike ya nuna yana da daraja ki sanar da 'yan'uwanki, ku je wurin malami tare. Ki aiko mini hoton gindin da na furannin kusa-kusa.

Tambaya: Malam, na sayi wani ɗan kwano a haraj, wato kasuwar gwanjo. A tsakiyarsa akwai hatimi mai gida 16 da lambobi, kewaye da layukan rubutun Larabci, wasu ja wasu na ruwan gwal. Amma wasu haruffan babu ɗigo, wasu kalmomin sam ba sa karantuwa. Jabu ne? Kuma gwal ɗin ya dushe, da me zan goge shi ya fito?
Wani almajiri daga Madina

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sani. Kuskuren rubutun ba ya nuna jabu. Irin waɗannan kwanuka masu hatimi an yi su a Sin a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, don kasuwannin Musulmi na Indiya da Farisa da tsibiran Malayu. Mai zanen bai san alif ba bai san ba'un ba, takarda aka ba shi yake kwaikwaya kamar yadda zai kwaikwayi ganye, wani kuma ya kwafa daga nasa, har rubutun ya koma kamar sarƙa. Ana yin sababbinsu ma yanzu, saboda haka ka bi gwajin gindi da na ƙarce da na faɗa a sama. Akwai tangaran mai kyakkyawan rubutun Larabci da shuɗi na zamanin sarki Zhengde, daga 1506 zuwa 1521, lokacin da Musulmi suke da faɗa a ji a fadarsa. Waɗannan a manyan gidajen tarihi suke. In wani ya ce ga shi a haraj, ka riƙe kuɗinka.

Gwal ɗin kuwa, don Allah kada ka goge. Ina ɗan shekara 19 wani alhaji ya bar irin wannan kwano a shagonmu a wanke masa. Maigida ya tafi masallaci, ni kuma ina so in burge shi, na ɗauko man goge tagulla na ɗiga a tsumma. Sau biyu na ja. Da na ɗaga tsumman, rabin layin rubutun yana jikinsa, wurin ya zama fari fat. Maigida da ya dawo bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi in ɗauki kwanon in kai wa mai shi da kaina in faɗa masa abin da na yi. Alhajin ya daɗe yana kallon wurin, ya ce na mahaifinsa ne, sannan ya ce ya yafe. Har yau in na ɗauki kwano mai gwal sai na tuna fuskarsa. Gwal shi ne na ƙarshe da ake sawa, a wuta mafi sanyi, kaurinsa bai kai fatar albasa ba. Abin da ya halatta kawai shi ne auduga mai ɗan danshin ruwa, a dangwala a ɗaga. Dushewar da ta rage tasa ce, ka bar masa.

Na san an yi su ne don a sha ruwa a ciki a nemi waraka, amma kai kada ka sha. Tsofaffin launukan nan da dalma ake haɗa su, abu mai tsami kamar lemo ko tsamiya ko nono yana jawo ta. Ka ɗora shi wuri mai tsayi saboda alfarmar abin da aka yi nufin rubutawa.

Tambaya: Ina sayar da tsofaffin kaya. Ina da wani tulun fure mai kyau, amma a gindinsa an buga CHINA da ja, duk wanda ya gani sai ya karya farashi. Wane sinadari ne zai cire shi?
Wani ɗan kasuwa daga Riyad

Amsa: Alhaji, wannan kam ba zan koya maka ba. Goge shaidar shekarun kaya don mai saye ya zaci ya fi haka tsufa algus ne, kuma ka san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ko ta fuskar kasuwa ma asara ce. Jan rubutun gasasshe ne, masu cire shi gurzawa suke yi, sai wurin ya dushe, wanda ya san kaya yana karkata gindin a haske zai gani, daga nan ba zai ƙara yarda da komai a shagonka ba.

Kalmar nan shaida ce a gare ka in ka san tarihinta. A 1890 Amurka ta yi dokar cewa kayan da za a shigar mata su ɗauki sunan ƙasar da aka yi su, ta fara aiki a 1891. Daga nan aka fara buga CHINA a kayan fitarwa. Cikakken Made in China kuwa sai wajen 1920 ya yaɗu. In naka kalma ɗaya ce, kuma zanensa na hannu ne, gindinsa ya nuna tsufa, akwai kyakkyawan zato ya kai shekara 100. Ka faɗa wa mai saye haka, ka nuna masa da yatsa.

Tambaya: Baba, kakata ta bar mana butar shayi ja mai farin zagaye da furannin wardi a ciki, da ƙananan kwanuka marasa mariƙi. Mu dai mun taso muna ce musu na Sin. A gindi akwai tsuntsu mai kai biyu da wani mahayi riƙe da mashi. Butar ta taɓa fashewa, an ɗinke ta da ƙananan ƙarafa, sun fara tsatsa. In cire su in sa gam?
Wata 'yar'uwa daga Hindawiyya, Jidda

Amsa: 'Yata, waɗannan daga Rasha suke. Tambarin na masana'antar Gardner ne, wadda wani Baturen Ingila, Francis Gardner, ya kafa a 1766 a garin Verbilki kusa da Mosko. A 1892 ta koma hannun gidan Kuznetsov, suka ci gaba da buga tsohon tambarin. Sun yi irin wannan buta da yawa don kasuwannin Bukhara da Farisa da Afganistan, alhazan can kuma suka yi ta shigowa da su Hijaz. Daga baya an kwaikwaye su a Japan, har da tambarin, don haka sai na gani zan ce miki wanne ne.

Ɗinkin kada ki cire. Wanda ya yi shi ya huda ramuka da ɗan bakan huji, kowanne ya tsaya a rabin kaurin tangaran bai ɓulla ba, sannan ya dasa ƙarafan suka ja ɓangarorin suka haɗe har buta ta riƙe shayi. Masu wannan sana'a sun ƙare a garin nan. In kika fizge ƙarfe ɗaya, bakin ramin ne zai ɓalle. Ki daina jiƙa ta, don danshi ne ke kawo tsatsar, tsatsa kuma in ta kumbura tana tsaga wurin. Ki goge ƙarafan da busasshen buroshin haƙori mai laushi, ki ajiye butar nesa da bakin na'urar sanyaya ɗaki da tururin kicin. Ki ɗauko mini hoton tambarin a hasken rana, ki ajiye riyal ɗaya na ƙarfe a gefensa don in ga girmansa.